Ɗakin Inna da Ruwan Damana

Yau zan ba ka labarin ɗakin mahaifiyata, da yadda ruwa ya kusa kada shi, da kuskuren da na yi wajen gyara. Ina ba ka labarin ne don kada ka yi irin asarar da na yi.

Garinmu yana cikin Dallol Mauri, tsakanin Kore Mairuwa da Tibiri. In kai mutumin Arewa ne, ka san ƙasarmu. Rairayi ne a sama, ruwa kuma ba shi da nisa a ƙasa. Akwai wuraren da in ka haƙa gaba biyu ko uku sai ka tarar da ruwa. Wannan alheri ne ga mai garka da mai dabbobi. Amma ga mai ginin ƙasa, abin lura ne ƙwarai.

Babana ya gina ɗakin a shekarar 1978. Soro ne na tubali, an rufa shi da azara da ƙasa. Tsawonsa mita 5, faɗinsa mita 4. A cikinsa anka haife ni. Bayan Baba ya rasu, Inna ta ce ba za ta bar shi ba. A nan take kwana. A nan kuma muke ajiye buhunan wake, domin Inna ba ta da nauyin barci. Ɓarawo da ɓera duka suna shakkarta.

Inna ta ce lokacin da anka gina ɗakin, hawa ake yi a shiga. Amma ni da wayona, sauka ake yi. Ka san dalili? Kowace shekara iska tana kawo rairayi ta zuba a tsakar gida. Ruwa ma yana kawo nasa. Tsohuwar katanga ta narke ta bazu. Shara da toka su taru. A hankali tsakar gida tana tashi, ɗaki yana nan inda yake. Cikin shekara arba'in, tsakar gidanmu ta fi daɓen ɗakin Inna tudu da taƙi biyu. Ɗakin ya koma kamar rami mai rufi. Kullum muna ganinsa, amma ba wanda ya ɗauke shi wani abu. Ka tashi ka duba naka ɗakin. Wataƙila shi ma haka yake.

A damanar 2020 an yi ruwa mai yawa a ƙasar Nijar. A shekarar ne kogin Isa ya yi cikar da ta ci unguwanni a Yamai. Mu ma rabonmu ya iske mu. Wani dare cikin watan Agusta, ruwa ya sauko bayan sallar isha'i, bai ɗauke ba. Can wajen asuba na ji muryar Inna tana cewa: "Kai, taso! Ruwa ya ci ni!" Na ɗauki tocila na ruga. Da na sa ƙafa cikin ɗakin, ruwa ya kai mini ƙwauri. Tabarmarta da ƙoranta suna yawo bisa ruwa. Ita kuma tana zaune bisa gado, ta rungume akwatinta. Na goya ta na fitar da ita. Ni da maiɗakina da yara munka yi ta kwarfar ruwa da bokiti da ƙwarya har rana ta fito.

Buhun wake shida ke cikin ɗakin. Uku na ƙasa sun jiƙe sarai. Mun baza su, amma rana ba ta fito sosai ba. Wani ya tsira, wani ya yi fumfuna. Da kuɗin waken nan na yi niyyar yi wa ƙanwata kayan aure. Dole anka ɗaga bikin. A nan bari in gaya maka wani abu. Abincin da ya yi fumfuna, musamman gyaɗa da masara, yana iya zama da guba mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Kada ka ci, kada ka ba yara, kada ka kai kasuwa ka cuci wani.

Bayan ruwa ya tafi, sai ciwon ɗakin ya fito fili. Gindin bango ya yi baƙi har gwiwa. Wani farin gari kamar kanwa ya fito bisansa. In ka taɓa, ƙasa sai ta zubo. Daga waje, ruwa ya ci gindin bangon gabas, har hannuna yana shiga cikin ramin. Kusurwa guda kuma ta tsage.

To, ga inda na yi kuskure. Da rani ya yi, a 2021, na sayar da rago. Na hau mota na tafi Dogon Dutsi, na sayo siminti buhu huɗu, kowane buhu kilo 50. Na ɗauko wani saurayi mai aikin siminti. Munka shafe bangon tun daga ƙasa har ƙugu, ciki da waje. Daɓen ma munka zuba masa siminti. Ɗaki ya yi kyau. Mutane suna zuwa kallo, ni kuma ina jin daɗi.

Ina da kawu, ƙanen Inna, tsohon magini ne. Ya gina ɗakuna da rumbuna da yawa a yankinmu, har Matankari an taɓa kiransa aiki. Ban shawarce shi ba, don ina ganin aikinsa na da ne. Ya zo ya zagaya ɗakin. Ya ƙwanƙwasa bango da sandarsa. Sannan ya ce: "Allah ya sa alheri, ɗana. Amma ina ruwan zai bi?" Ban ba shi amsa ba. A raina na ce tsoho yana kishi da aikin zamani.

Damanar 2021 ba ta yi ruwa sosai ba a wajenmu, don haka ɗaki ya wuce lafiya. Na ce magani ya yi. Amma a 2022 ruwa ya komo da ƙarfi. Ya sake shiga ta ƙofa kamar da. Wannan karon kuwa ya samu daɓen siminti, sai ya zauna kamar cikin kwano. Danshi ya haura bisa inda siminti ya tsaya, ya kai ƙirji. In ka bugi bangon, sai ka ji yana amo kamar ganga. Wata safiya wani babban ɓangare na simintin ya ɓanɓaro ya faɗi. Abin da na gani a bayansa ya tsorata ni. Tubalin ya koma kamar tuwo, gara kuma ta yi gida a ciki. Ran nan na kwashe kayan Inna na mai da ta ɗakin maiɗakina. Ta fita tana hawaye. Ta ce: "Ɗakin da ubanka ya gina mini, a hannunka zai faɗi?"

Maganar nan ta hana ni barci. Da gari ya waye na sayi goro, na tafi wajen Kawu, na durƙusa. Na ce: "Kawu, na yi wauta. Ka zo ka duba mini." Bai yi mini gori ba. Ya ce: "Tashi. Ɗakin bai mutu ba tukuna. Amma ba a gyaran jiƙaƙƙen gini. Yanzu abu biyu za mu yi: mu tokare rufi, mu hana kowa kwana ciki. Sauran sai rani."

Ka riƙe wannan da kyau, ɗan'uwa. Ɗakin da gindinsa ya jiƙe, ko ya tsage, ko ƙofarsa ta fara ƙin rufuwa, kada a kwana cikinsa. Ginin ƙasa ba ya sallama in zai faɗi, kuma sau da yawa cikin dare yake faɗuwa. Kwana a rumfa ya fi kwana a kabari. Mun samo itace huɗu masu ƙarfi, munka tokare azara daga ciki. Munka fasa sauran simintin duka, don bango ya sha iska.

Ina cikin fasa simintin ina jin zafin kuɗina, sai Kawu ya yi mini bayani. Ya ce: "Bangon ƙasa yana numfashi. Da damana ya sha danshi, da rani ya fitar. Kai kuma ka sa masa rigar da iska ba ta ratsawa. Danshin da ya shiga ta ƙasa ya rasa mafita, sai ya haura sama, ya ruɓar da tubali a ɓoye. Kuma siminti da laka ba sa riƙe juna. In rana ta yi zafi, kowa da yadda yake motsi, sai su rabu." Na ce: "Ashe siminti ba shi da amfani?" Ya ce: "Yana da amfani a wurinsa. Zan nuna maka wurin."

Sannan ya zaunar da ni ya ce: "Ruwa baƙo ne mai wucewa. In ka nuna masa hanya, ya tafi. In ka tare shi, ya kwana gidanka. Ta ƙofa uku yake shiga ɗaki: ta sama, ta gefe, ta ƙasa. Kafin ka taɓa laka, ka gano wace ƙofa ya bi." Da munka duba, sai munka tarar ɗakin Inna duka ukun a buɗe suke.

Ta sama, indararo ne. Namu ya karye tuntuni, saura guntu. Ruwan rufi yana bin bango, yana zuba daidai gindinsa. Na ce wa Kawu ai ruwan rufi ɗan kaɗan ne. Sai na tuna da lissafin da munka koya a ajin yaƙi da jahilci. Ka san rediyo yana faɗin yawan ruwan da anka samu da milimita. To, milimita 1 bisa fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, lita 1 ke nan. Rufinmu mita 5 ne sau mita 4, wato 20. In an yi ruwa milimita 50 a dare guda, 20 sau 50 ya ba da lita 1.000. Tano mai cin lita 200, guda biyar ke nan. Ka ji fa: tano biyar a dare guda, duka a gindin bango guda. Kai ma ka auna rufinka, ka yi wannan lissafi a ƙasa da yatsa. Za ka yi mamaki.

Ta gefe, tsakar gida ce. Ta fi ɗaki tudu, kuma gangarenta yana fuskantar ƙofar Inna. Rariyar da Baba ya huda a katanga don ruwa ya fita ta toshe da shara, har mun manta akwai ta. Ban da wannan, makewayin mata yana jingine da bangon arewa. Kowace rana ruwan wanka yana jiƙa gindin bangon, rani da damana. Randar Inna ma tana manne da bango daga ciki, tana tsatsafowa.

Ta ƙasa, danshi ne mai tasowa. Kawu ya nuna mini dabarar gane shi. Munka fasa daɓen simintin, munka shimfiɗa leda a ƙasa, munka danne gefenta da duwatsu. Da safe munka ɗaga, sai ga ƙarƙashinta ya yi raɓa. Ya ce: "Ka gani? Ƙasa tana shan ruwa tana haurar da shi, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Farin garin nan da ka gani a bango, gishirin ƙasa ne da ruwa ya ɗauko. Ruwan ya bushe, gishirin ya zauna yana cin tubali."

Mun bar ɗakin a buɗe dukan lokacin ɗari, hunturu yana ratsa shi. A watan Fabrairu na 2023 munka fara aiki. Ni na ƙagara mu taɓa bango. Kawu ya ce a'a, hanyar ruwa za a fara.

Da farko munka kwashe ƙasar da ta taru a tsakar gida, amalanke bayan amalanke, munka kai gona. Taki ce mai kyau, domin toka da kashin awaki sun yi yawa cikinta. Munka juya gangare ya bar ƙofar ɗaki ya fuskanci rariya. Don mu tabbata, munka yi aiki da siririn tiyo na roba wanda ake ganin cikinsa. In ka cika shi da ruwa, ka ɗaga bakinsa biyu, ruwan da ke baki guda yana daidai da na ɗayan, ko da nisa tsakaninsu. Da haka za ka gane inda ya fi tudu. A kusa da bango, mun sa kowace mita ta gangara da yatsa uku, wajen santimita 5. Munka buɗe rariya, munka faɗaɗa ta. Makewayi kuma munka matsar da shi can kusurwar gida, munka haƙa masa rami munka cika da duwatsu.

A nan wata rigima ta taso. In ruwanmu ya fita ta rariya, bangon maƙwabcina zai tarar. Malam ne, mun yi shekaru muna zaman lafiya. Da ya ga muna huda katanga, ya zo ransa a ɓace. Ya ce: "Wato ka tsirar da ɗakin uwarka, ka kada na ƴaƴana?" Na so in mayar da magana, Kawu ya taka mini ƙafa. Da munka koma gida ya ce: "Malam yana da gaskiya. Wanda ya tura wa maƙwabci ruwa bai yi gyara ba, ya sauya wa ɓarna gida ne."

Munka tafi wajen mai gari tare da Malam. Mai gari ya tara masu gidaje biyar da ke bin lungunmu. Ashe kowa yana da kukansa, kowa yana tare ruwa da buhunan ƙasa yana tura wa na gaba. Anka yi shawara, anka sa ranar gayya. Munka haƙa magudana a tsakiyar lungu, nesa da bangon kowa, munka jera mata duwatsu, har ta kai tsohon ramin da ake ɗibar ƙasar gini a bayan gari. Mata sunka dama fura, samari sunka yi aiki, kafin la'asar an gama. Wannan dabara ba mu munka fara ta ba. In ka je Dogon Dutsi, inda ruwa ke gangarowa daga duwatsu ya nufo gari, za ka ga an jera duwatsu a gangare, an haƙa ramuka masu siffar rabin wata, don ruwa ya rage gudu ya shiga ƙasa. Ruwan gari, sai mutanen gari sun haɗa kai.

Sai bayan wannan munka komo kan bango. Ga yadda Kawu ya yi. Bai yarda a kankare gindin bangon duka a lokaci guda ba, domin ginin zai rasa abin tsayawa. Yakan auna kamu guda, ya cire ruɓaɓɓen tubali har ya kai mai ƙarfi. A can ƙasa ya jera jan dutse, irin wanda ke bakin dallol, sahu biyu, ya kama shi da siminti. Ya dube ni ya ce: "Ga wurinsa guda." Bisa dutsen ya jera busasshen tubali da laka, ya cusa sosai har ya kama na sama. Sannan ya tsallake kamu biyu, ya yi wani wurin. Sai waɗannan sun bushe, kwana huɗu ko biyar, ya komo ya cike tsakaninsu. Tsagar kusurwa kuma bai shafe ta da laka kawai ba. Ya faɗaɗa ta, ya gitta guntayen itace masu ƙarfi a ciki kamar ɗinki, sannan ya cike.

Daɓe ma mun sake shi. Munka kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasa. Munka zuba duwatsu ƙanana da tsakuwa, kaurin taƙi guda, ba tare da laka ba. Danshi ba ya iya hawa ta cikin tsakuwa, domin akwai iska tsakaninta. Na kawo shawara mu shimfiɗa leda. Kawu ya ce: "Ka manta da simintinka? In ka toshe daɓe, danshi zai gudu cikin bango." Bisa tsakuwar anka zuba jar ƙasa. Inna da ƙawayenta sunka zo da madaɓai, sunka yi daɓe suna yayyafa ruwan bagaruwa, har ya yi ƙarfi yana sheƙi. Dokin ƙofa kuma munka ɗaga shi da dutse da siminti. Yanzu tsakar gida ta sauka, daɓe ya tashi, an koma hawa ake yi a shiga ɗakin Inna.

Saura yaɓe. Kawu ya haɗa yumɓu da rairayi da yankakkiyar ciyawa da kashin shanu. Kafin a kwaɓa da yawa, ya yi gwaji iri uku, ya shafa kowane a bango kamar faɗin faifai. Bayan kwana biyu munka duba. Guda ya tsattsage, yumɓu ya yi masa yawa. Guda yana zuba in ka goga, rairayi ya yi masa yawa. Na uku ya zauna daram, shi munka bi. Anka kwaɓa, anka bar shi kwana bakwai yana ruɓa, kullum ana zuba ruwa ana tattakawa. A shafin ƙarshe anka sa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, wanda ke sa yaɓe ya jure ruwa. Ɗorawa ta yi ƙaranci a wajenmu, sai da na sayo ɓawon a kasuwa. A gindin bango daga waje munka yi ɗan dakali mai gangare, don ruwan da ke fantsama kada ya taɓa tubali.

A sama munka ƙara ƙasa, munka gyara gangaren rufi. Munka sa indararo biyu na kwano, kowane ya fita daga bango da kamu biyu, munka kama bakinsu da siminti. A inda ruwan ke faɗowa munka ajiye faffaɗan dutse, daga nan ƴar hanya ta kai shi rariya. Da damana maiɗakina takan sa tano a ƙarƙashin guda, ta samu ruwan wanki. Siminti buhu guda ya ishe mu dukan aikin nan, har da saura. Randar Inna mun ɗora ta bisa duwatsu nesa da bango. Buhuna kuma yanzu bisa itace suke, ba su taɓa ƙasa, ba su taɓa bango.

Wani ɗan garinmu da ke aikin gini a Yamai ya zo ganin gida, ya duba aikin. Ya ce a manyan gidajen birni, da ƙasashe irin su Faransa, akan yi ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Ya ce su ma in ruwa ya dame su, fenti daga ciki ba ya magani. Sai sun haƙa ta waje, sun shafa wa bango kwalta, sun zuba tsakuwa, sun sa bututu mai huji-huji wanda zai kwashe ruwa ya kai shi nesa. Kawu ya yi dariya ya ce: "Ashe ruwan Turawa ma hanya yake so."

Inna ta koma ɗakinta kafin ruwan farko na 2023. Amma babban gwaji sai a 2024 ya zo. Ka tuna damanar nan. A faɗin Nijar mutane fiye da 300 sunka rasu, fiye da miliyan guda ruwa ya yi wa ɓarna. Gidaje da rumbuna sun faɗi ba iyaka. Ran 3 ga Satumba tsohon masallacin Damagaram, wanda anka gina da ƙasa tun ƙarni na 19, ya rushe. Har komawar yara lakkwal sai da gwamnati ta ɗaga zuwa 28 ga Oktoba. Allah ya jiƙan waɗanda sunka rasu, ya mayar wa waɗanda sunka yi asara da alheri.

A garinmu ma ɗakuna sun faɗi. Duk daren da hadari ya taso, ba na barci. Nakan ɗauki tocila in fita cikin ruwa. In ga indararo yana zuba bisa dutse, in ga ruwa ya bi gangare ya fita ta rariya, in leƙa lungu in ga magudana tana gudu. Wani dare na tarar da Malam shi ma ya fito da tasa fitilar, yana cire shara daga magudanar. Munka gaisa cikin ruwa, kowa ya koma. Da safe na shiga gaida Inna, na taɓa daɓe, na taɓa gindin bango. A bushe suke. A lungunmu ba ɗakin da ya faɗi. Ba na cewa dabararmu ta fi ƙarfin kowane ruwa. In ƙorama ta ƙetare bakinta ta shigo gari, sai gudu da neman tudu. Tsari na Allah ne. Amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Wasu suna cewa ginin ƙasa ya zama na matalauta, sai bulo da kwano. Wanda Allah ya hore wa, ya yi. Amma kada ka raina ƙasa. Ɗakin ƙasa ya fi sanyi da bazara, ya fi ɗumi da ɗari, kuma kayan gyaransa suna bayan gari. A garin Yama, cikin jihar Tawa, wani magini mai suna Falke Barmu ya fara gina masallaci da ƙasa a 1962, kuma a 1986 aikin ya samu babbar lambar yabo ta duniya, ta Aga Khan. A Jenne ta ƙasar Mali, mutanen gari sukan fito gaba ɗaya su yi wa babban masallacinsu yaɓe, shi ya sa yake tsaye. Ginin ƙasa kamar gona yake, kowace shekara yana son hannu.

Saboda haka ga abin da nake yi yanzu, kai ma ina roƙonka ka yi. In watan Afrilu ya kama, kafin aikin gona ya taso, ka ware kwana biyu. Ka hau rufi ka toshe tsaga, ka cire ciyawa. Ka duba indararo. Ka zagaya gindin bango kana ƙwanƙwasawa, inda ya zube ka cike. Ka buɗe rariya. Ka kwashe ƙasar da ta taru a bakin ƙofa. Ran da anka yi ruwan farko kuma, kada ka kwanta kana jin daɗin sanyi. Ka fita ka tsaya ka ga inda ruwa ke bi, da inda yake kwanciya. Shi da kansa zai nuna maka aikin da ya rage. Duk inda ya kwanta kusa da ɗaki, ka cike wurin, domin ban da cin gini, nan ne sauro ke haihuwa. In aikin ya fi ƙarfinka, ka nemi tsohon magini na garinku, ka tafi da goronka tun kafin ka sayar da rago.

Kawu ya tsufa yanzu, ba ya hawa bisa rufi. Amma duk shekara yakan zo da sandarsa, ya zagaya ɗakin ƴar'uwarsa yana ƙwanƙwasawa. In ya gama, Inna ta ba shi fura, su zauna a bakin ƙofa suna hirar mutanen da. Ɗana na fari yana bin sa a baya, yana koyon sauraren bango.

In ka karanta wannan, ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya ba tukuna, domin ruwan gidanka ta ƙofarsa zai wuce. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da iyalinmu da gidajenmu. Amin. Sai wani jiƙon.